Babi na Shida: Mai Tsayuwa Tsakanin Bincike da Majinyaci

Duk kundin digiri na biyu ko na uku da aka rubuta a kan lafiyar ɗan Adam a jami'o'inmu, idan ka buɗe shafukan ƙarshe za ka tarar da hoton wata wasiƙa mai hatimi. Kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ne ke ba da ita, shaidar cewa ya duba tsarin aikin ya yarda a yi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta kamar rasiɗin kuɗin makaranta: ba a shiga ɗakin kare kundi sai da ita, don haka a samo ta ko ta halin ƙaƙa. Masu jarrabawa kuma da sun ga hatimi sai su wuce. Kaɗan ne ke tsayawa su gwada kwanan watan da ke kan wasiƙar da ranar da ɗalibin ya ce ya fara tattara bayanai. Malamin da ya saba yin wannan gwaji ya san ba sau ɗaya ba ake samun wasiƙar ta fito bayan an gama ɗibar jinin mutane.

Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 ba zai kira wannan ƙaramin abu ba.

A farkon waccan shekarar annobar sanƙarau ta ɓarke a Najeriya, musamman a Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya cika maƙil, ƙungiyar likitocin MSF tana ciki tana yi wa majinyata allurar kuloramfenikol kyauta. Ana cikin haka wata tawaga ta kamfanin Pfizer ta iso daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisi ba. Suka ɗauki yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar seftiriyazon, sanannen maganin sanƙarau, amma a ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗayan ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, cewa maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, babu kuma wanda ya ce musu akwai tabbataccen magani a harabar asibitin.

Sai batun wasiƙa. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a watan Disamba na 2000, aka koma kan takardar da aka gabatar a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996. Shugaban asibitin ya ce a wancan lokaci ma ba a kafa kwamitin ba. Likitan Najeriya da aka ɗora wa jagorancin gwajin ya faɗa wa jaridar cewa daga baya aka rubuta wasiƙar aka mayar da kwanan watan baya. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gama rahotonsa a 2001, amma sai a 2006 jama'a suka ji abin da ke ciki. A 2009 kamfanin da gwamnatin Kano suka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Idan aka kawo wannan labari a aji, ɗalibai sukan harzuƙa, kuma suna da gaskiya. Sai dai fushin yakan tafi wuri guda, wato kan baƙin da suka zo da jirgi suka koma. Fushi ne mai arha, domin cikin ɗalibai talatin da ke zaune babu wanda zai wayi gari ya zama kamfanin magunguna. Abin da za su zama shi ne likitan gida da aka ce ya sa hannu, da ma'aikaciyar jinyar da aka ce ta fassara, da masanin ɗakin gwaje-gwaje da aka miƙo wa kwalaben jini ba tare da ya tambayi yadda aka samo su ba. A nan ya kamata darasin ɗa'ar bincike ya yada zango, kuma a nan ne aka fi yi masa tsallake.

Tarihin Tuskegee ma haka yake, in aka karanta shi da kyau. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi baƙaƙen fata 600 a jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, tana kallon yadda cutar ke cin jikinsu. Ba a gaya musu sunan ciwon ba, kuma ko da fenisilin ya zama maganinsa a shekarun 1940, ba a ba su ba. Likitocin da suka jagoranci aikin sun yi ta sauyawa. Wadda ba ta sauya ba ita ce Eunice Rivers, ma'aikaciyar jinya baƙar fata, wadda ta san gidajen mutanen, ta san matansu, tana ɗaukar su a mota zuwa asibiti, tana roƙon iyalansu su bari a buɗe gawa in sun mutu. Ba don ita ba da aikin bai kai shekara arba'in ba, domin fuskarta mutanen suka yarda da ita. Ba a shaide ta da mugunta ba. Mace ce mai ƙwazo da ke bin umarnin likita, kuma ga dukkan alamu ta yi imani taimakon mutanenta take yi. Ɗalibar aikin jinya da ta ji wannan ta yi shiru ta fi ƙaruwa da darasin a kan wadda ta haddace shekarun da aka fitar da dokoki.

Dokokin kuwa dole a koyar da su, kuma ba sa cin lokaci. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan shari'ar likitocin Nazi, suka sa yardar mutum a gaba da komai. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake yi wa gyara a 2024, ta kawo sharaɗin kwamiti mai zaman kansa a gyaran 1975. Rahoton Belmont na 1979 ya tattara maganar cikin abu uku: girmama mutum, neman amfaninsa, da adalci wajen zaɓen waɗanda za a yi binciken a kansu. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi ƙarfin doka. Jami'ar Ibadan tana ba da digiri na biyu a wannan fanni. Yawancin ɗalibai dai ta intanet suke haɗuwa da wannan ilimi, a kwasa-kwasai irin su CITI da TRREE, su amsa tambayoyi su buga satifiket su liƙa a takardar neman izini. Kwasa-kwasan suna da kyau. Amma ana iya gama su cikin dare ɗaya, ana ma iya ba wa aboki ya yi, kuma ba sa koya wa mutum abin da zai ce da bakinsa idan ya tsaya gaban uwar yaro.

Wannan tsayuwar ita ce jarrabawar gaskiya, don haka nakan sa a gwada ta a aji. Ɗalibi ɗaya ya zama mai bincike, wata ta zama matar da ta zo awo, a ajiye takardar Turanci a gefe a yi magana da Hausa. Kusan kullum ga yadda ake farawa: "Hajiya, sannu da zuwa. Za mu ɗan ɗebi jininki mu duba lafiyarki, ki dangwala a nan." Babu ƙarya ƙarara a cikin wannan magana, amma duk abin da ya kamata matar ta sani an haɗiye shi. Ba a ce mata bincike ba ne. Ba a ce jinin ƙari ne a kan wanda awon ke buƙata ba. Ba a ce ɗalibin ne ke neman digiri da shi ba. Sama da komai, ba a ce mata tana iya ƙi, a duba ta yadda ake duba kowa ba.

Wahalar tana nan: mutumin da ke gabanta yana sanye da farar riga, a ɗakin da ta saba ganin likita, wataƙila ma shi ne ya duba ta watan jiya. A wurinta duk abin da ya ce magani ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Paul Appelbaum, da abokan aikinsa sun bayyana wannan ruɗani tun 1982, inda suka ga majinyata suna ɗauka duk abin da ake yi musu a bincike an zaɓe shi ne don lafiyarsu, ko da an yi musu bayani. In haka ta faru a can, ina ga inda majinyaci ke cewa, "Likita, ai kai ka sani, duk yadda ka yi daidai ne." Ɗalibi yakan ji daɗin wannan amsa ya ɗauke ta amincewa. Aikin malami ne ya nuna masa cewa matar ba ta amince da bincike ba tukuna, shi ta amince wa, kuma ta yi hakan ne a matsayinsa na mai yi mata magani.

Sai a sake gwadawa. A karo na uku ko na huɗu za ka ji ɗalibin ya fara cewa: "Hajiya, awonki an gama, maganinki ga shi. Abin da zan roƙe ki yanzu daban ne, aikin karatuna ne. In kin ce a'a, babu abin da zai ragu a kulawar da ake miki." Daga nan a shiga wurare masu santsi. Yaya za ka bayyana cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi maganin da za a ba yaro, likitan ma bai san wanne ba ne? Iyaye da yawa ba sa yarda likita zai bar irin wannan zaɓi ga ƙuri'a, sai su ɗauka tawali'u yake yi. Yaya za ka faɗi yawan jinin da za a ɗiba? Mililita biyar ba ta nufin komai ga mai sauraro, cokalin shayi ɗaya kuwa kowa ya san shi. Ina za a kai jinin, har yaushe za a ajiye shi, za a fita da shi waje? Mutanenmu suna tambayar wannan, kuma tambaya ce ta masu hankali. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an fahimta ita ce a ce wa mutum ya maimaita da bakinsa abin da ya ji, maimakon a tambaye shi ko ya gane, domin kunya kaɗai ta isa ta sa ya ce ya gane.

Akwai kuma maganar maigida. Matar za ta ce, "Sai na tambayi baban su." Ɗaliban da suka sha littattafan waje sukan ga wannan tauye 'yanci ne, su so su lallashe ta ta sa hannu a take. Wasu kuma sukan zarce ɗaya gefen, su tafi wurin mijin, ko mai unguwa, ko hakimi, da ya ce to sai su ɗauka magana ta ƙare. Duka biyu sun kauce. Matar da ta ce za ta yi shawara da mijinta zaɓi ta yi, a ba ta takardar ta tafi da ita ta dawo. Shiga gari ba tare da an gaida sarakuna da malamai ba rashin ta ido ne, kuma aikin ba zai yi nisa ba. Amma izinin mai unguwa izinin shiga unguwa ne kawai. In miji ya yarda matar ta ƙi, ba a taɓa ta. Wanda bai iya karatu ba kuma, in zai dangwala, a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya zauna ya ji bayanin daga farko. Ana yawan mayar da wannan sharaɗi wasa, a kira masinjan ɗakin ya sa hannu a kan takardu hamsin a jere bayan an tashi aiki.

Kuɗin mota ma abin tattaunawa ne. A mayar wa mutum abin da ya kashe da lokacin da ya ɓata hakki ne. Amma adadin da ba ya motsa ma'aikacin banki yana iya sa mai tallan ƙosai ta yarda da abin da zuciyarta ba ta so. Ba a warware wannan da lissafi, sai da sanin mutanen da za a je wurinsu.

Kada ɗalibi ya fita daga aji da tunanin cewa bincike a kan talaka ko a lokacin annoba haramun ne. Wannan ma cutarwa ce, don maganin da ba a gwada a kanmu ba da ka za a riƙa ba mu shi. A 2003, lokacin wata annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an gwada allurar seftiriyazon guda ɗaya da ta kuloramfenikol mai mai, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2005, ya nuna ta farkon ba ta gaza ta biyun ba, abin da ya ƙara wa ƙasashen yankin zaɓi. Allurar riga-kafin MenAfriVac, wadda aka gwada a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana da Indiya kafin a fara yin ta ga jama'a a 2010, ta kusan kawar da nau'in sanƙarau na A daga yankinmu. Iyaye ne suka miƙa 'ya'yansu aka yi waɗannan gwaje-gwaje. Abin da ke faruwa idan yarda ta zube kuwa mun gani a 2003, sa'ad da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Dalilan ƙauracewar suna da yawa, siyasa da yaƙin Iraƙi suna ciki, amma sunan Trovan yana bakin mutane, kuma cutar ta tsallaka daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20.

Yawancin ɗalibanmu ba gwajin magani za su yi ba. Takardun tambayoyi za su raba, ko su zauna a ɗakin ajiyar fayil suna kwafe bayanai, shi ya sa suke ganin darasin bai shafe su ba. Ya shafe su. Wanda ya ɗauki hoton fayil ɗin mai cutar ƙanjamau da wayarsa don ya ƙarasa aiki a gida, ya tura wa abokin da zai taya shi lissafi ta WhatsApp, ya fitar da sirrin da zai iya kashe aure, ko da kuwa ba a kama shi da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba. Wanda aka ce ya tambayi mutum 400, ya samu 250, lokaci ya ƙure, ya zauna a ɗakinsa ya cike sauran da biro kala-kala, ya zuba ƙarya a cikin alƙaluman da wata rana wani zai dogara da su ya tsara shirin lafiya. Patrick Okonta da Theresa Rossouw sun tambayi wasu masu bincike a Najeriya, suka wallafa a 2013 cewa kusan kashi 69 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa aikata aƙalla ɗaya daga cikin laifuffukan binciken da aka lissafa musu. Mutanen da aka tambaya ba su kai 150 ba, don haka ba za a shafa wa ƙasa duka ba. Sai dai waɗannan ba ɗalibai ba ne, irin mutanen da ke duba aikin ɗalibai ne.

Nan ne darasin aji ke karo da bango. Ɗalibi ya ji a lacca cewa ba a fara aiki sai izini ya fito. Ya kai takardunsa ga kwamiti, ya biya kuɗi daga aljihunsa, wata biyu, wata uku shiru, domin 'yan kwamitin likitoci ne masu aiki ya yi musu yawa, ba a kuma biyan su a kan wannan. Ya je wurin malamin da ke duba aikinsa, malamin ya ce, "Kai dai fara tattarawa, wasiƙa za ta same ka a hanya." Me ake so ya ce? Digirinsa yana hannun mutumin nan, tarbiyyarsa kuma ba ta ba shi damar musu da babba ba. Zai ce, "To, ranka ya daɗe," ya fita. Abin da ya koya a wannan minti ɗaya zai rinjayi na zangon karatu guda. Haka nan in ya ga an saka sunan shugaban sashe a takardar da bai karanta ba, ko an ce masa ya cire alƙaluman da suka ɓata sakamako.

Saboda haka sashen da ke son koyar da ɗa'a da gaske sai ya taɓa abubuwan da ba sa cikin manhaja. A sa neman izini a farkon jadawalin karatu, a ƙidaya watannin jira a cikin lokacin da aka ba ɗalibi. A ba ɗalibai damar zama a bayan ɗaki su ga yadda kwamiti ke tattauna takarda, don su san tambayoyin da ake yi ba na neman ɓata lokaci ba ne. A ranar kare kundi a nemi ganin takardun amincewa na ainihi da takardun tambayoyin da aka cike. Malaman da ke duba aiki su ma su zauna a darasin, ko da ransu bai so ba.

Abu mafi wuya shi ne inda ɗalibi zai kai ƙara. Peter Buxtun, ƙaramin ma'aikacin hukumar lafiyar Amurka a San Francisco, ya rubuta ƙorafi a kan aikin Tuskegee a 1966, ya sake rubutawa a 1968. A 1969 hukumar ta tara masana suka duba, suka ce a ci gaba. Sai da ya miƙa takardun ga 'yan jarida, Jean Heller ta kamfanin dillancin labarai na AP ta buga labarin a watan Yulin 1972, sannan aka tsayar da aikin. Shekara shida ke nan, kuma Buxtun ba ya jiran sa hannun kowa don ya samu digiri. Ɗalibinmu yana jira. In malaminsa ne ya ce ya mayar da kwanan wata baya, shugaban sashe kuma abokin malamin ne, to dole makarantar digiri na gaba ta tanadi wani mutum a wajen sashen, wanda ɗalibai suka san sunansa da ofishinsa tun makon farko, wanda kuma yake da ikon sauya wa ɗalibi malami ba tare da an mayar da shi farkon aiki ba.